Lewis Fry Richardson: Mutumin da ya fara hasashen yanayi da lissafi

A kowace shekara idan kaka ta kusa ƙarewa a ƙasashen arewacin duniya, mazauna yankunan tsaunuka kan zuba ido ga ma'aikatan hasashen yanayi, domin sanin ranar da dusar ƙanƙara ta farko za ta sauka.

Makiyayan tsaunukan Alps a Turai na bukatar sanin lokacin da za su sauko da dabbobinsu zuwa kwari, hukumomin kula da hanyoyi kuma na bukatar sanin mashigin da za su rufe. Su kuwa manoman da ke gindin tsaunukan Atlas a Maroko da na Himalaya a Asiya, wani kaso na ruwan da suke ban-ruwa da shi daga dusar da ta taru a kan duwatsu yake gangarowa idan ta narke.

A yau manyan kwamfutoci ne ke ba da amsar. To amma hanyar da kwamfutocin ke bi, wani masani ɗan Ingila mai suna Lewis Fry Richardson ne ya shata ta da alƙalami da takarda, a lokacin da yake tuƙa motar ɗaukar waɗanda suka jikkata a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Hasashen farko da ya yi ya saɓa wa gaskiya ƙwarai da gaske, amma ya buga shi a littafi yadda yake, bai ɓoye komai ba.

Ɗan majema

An haifi Richardson a ranar 11 ga watan Oktoba na shekarar 1881 a birnin Newcastle da ke arewa maso gabashin Ingila. Shi ne auta a cikin 'ya'ya bakwai na David Richardson da matarsa Catherine Fry.

Gidansu gidan majema ne, masu masana'antar jima da sarrafa fata da ta yi suna a birnin. Kuma mabiya ɗariƙar Kweka ne, wata ƙungiya ta Kiristoci da ta shahara da ƙin ɗaukar makami a kowane irin hali. Wannan aƙida ta gida ita ce ta yi ta juya akalar rayuwarsa har ƙarshenta.

Ya yi karatu a makarantar Bootham ta 'yan ɗariƙar a birnin York, daga nan ya shiga kwalejin kimiyya a Newcastle a 1898. A shekarar 1900 ya wuce Jami'ar Cambridge, inda ya kammala a 1903 da sakamako mai daraja ta ɗaya a fannin kimiyya.

Shekaru goma da suka biyo baya ya yi su ne yana sauya wurin aiki. Ya yi aiki a cibiyar gwaje-gwajen kimiyya ta ƙasa, ya koyar a kwaleji, ya yi aiki da kamfanin ƙera ƙwan fitila, da kuma wani kamfani mai haƙo ruɓaɓɓen tsiro daga fadama domin yin makamashi.

A wannan kamfani na fadama ne aka ba shi aikin tsara magudanun da za su tsane ruwa daga fili. Ƙa'idojin lissafin da ke bayyana yadda ruwa ke ratsa ƙasa sanannu ne, sai dai ba a iya warware su kai-tsaye idan filin ba shi da tsararriyar siffa.

Dabarar da Richardson ya yi ita ce ya yanka filin zuwa ƙananan gidaje, ya lissafa abin da ke faruwa a kowane gida da yadda yake shafar maƙwabcinsa, da tarawa da ɗebewa da ninkawa kawai. Amsar da ake samu ba cikakkiya ba ce, amma tana kusantar gaskiya gwargwadon ƙanƙantar gidajen. Daga baya ya faɗaɗa dabarar ya gwada ta a kan ginin madatsar ruwa.

A 1909 ya auri Dorothy Garnett, 'yar wani malamin kimiyya. Ba su samu haihuwa mai rai ba saboda rashin dacewar jininsu, don haka suka ɗauki riƙon yara uku, maza biyu da mace ɗaya.

Gidajen dara

A shekarar 1913 Hukumar Hasashen Yanayi ta Birtaniya ta naɗa shi shugaban tashar lura da yanayi ta Eskdalemuir, a wani ƙungurmin wuri cikin tuddan kudancin Skotland.

A wancan zamani ma'aikacin hasashe kan tattara rahotannin da aka aiko ta wayar tangaraho, ya zana taswira, sannan ya binciki tsofaffin taswirori ya nemo ranar da ta yi kama da ta yau. Abin da ya biyo bayan waccan ranar shi ake sa ran zai biyo bayan wannan.

Richardson bai gamsu da haka ba, domin a ganinsa babu dalilin da zai sa sararin samaniya ya maimaita abin da ya taɓa yi daidai wa daida.

Tun a 1904 wani masani ɗan ƙasar Norway, Vilhelm Bjerknes, ya riga ya bayyana cewa iska na bin dokokin kimiyya kamar kowane abu mai motsi. Idan aka san nauyin iska da zafinta da kaurinta da laimarta da inda take kaɗawa a wannan sa'a, to ƙa'idojin lissafi za su iya nuna yadda za ta kasance nan gaba. Matsalar ita ce babu wanda ya san yadda za a warware ƙa'idojin.

Nan ne dabarar fadama ta yi wa Richardson rana. Ya ɗauki taswirar Turai ya tsaga ta gida-gida kamar gidajen dara, kowane gida mai faɗin kimanin kilomita 200. Ya kuma raba iskar da ke saman kowane gida zuwa hawa biyar, tun daga doron ƙasa har sama da kilomita 11.

Ke nan iskar da ta fita daga wani gida dole ta shiga na kusa da shi, da zafinta da laimarta. Idan aka lissafa shige da ficen kowane gida na 'yan sa'o'i, sai a samu sabuwar taswira, daga ita kuma a sake lissafa ta gaba.

A bakin daga

Yana cikin wannan nazari yaƙi ya ɓarke a 1914. Aƙidarsa ba ta yarda ya shiga soja ba, amma kuma bai ga dacewar zama a gida alhali ana ta kashe sa'o'insa ba. A 1916 ya ajiye aikinsa ya shiga rukunin motocin asibiti na 'yan Kweka, aka tura shi Faransa inda aka haɗa rukuninsa da wata runduna ta sojin ƙasa ta Faransa.

Aikinsa shi ne kwaso waɗanda suka ji rauni daga bakin daga zuwa asibiti, sau da yawa cikin dare a kan hanyoyin da ake yi wa luguden wuta. A lokutan hutu kuwa sai ya zauna a kan tarin busasshiyar ciyawa a masauki mai sanyi, ya ci gaba da lissafinsa.

Ranar da ya zaɓa domin gwaji ita ce 20 ga watan Mayu na 1910, cikin kwanakin da tauraruwa mai wutsiya ta Halley ta kusanto duniya. A ranar tashoshi da dama a Turai sun saki balan-balan ɗauke da na'urorin awo a lokaci guda, kuma cibiyar Bjerknes da ke Leipzig a Jamus ta buga sakamakon. Bayanan sama irin waɗannan ba su da yawa a lokacin.

Richardson ya tsara takardun lissafi iri 23, ya fara daga ƙarfe bakwai na safiyar ranar, da nufin gano yadda yanayi zai sauya cikin sa'o'i shida a wurare biyu na tsakiyar Turai. Aikin ya ci masa kusan mako shida.

A watan Afrilun 1917, lokacin gumurzun da aka yi a yankin Champagne, an aika da rubutun littafinsa can baya domin adanawa, sai ya ɓace. Bayan watanni aka tsince shi a ƙarƙashin tarin gawayin kwal.

Milibar 145

Sakamakon lissafin ya nuna cewa nauyin iska a wani wuri kusa da birnin Munich, arewa da tsaunukan Alps, zai ƙaru da milibar 145 cikin sa'o'i shida.

Nauyin iska a gaɓar teku yakan kasance wajen milibar 1,013, kuma mafi ƙanƙanta da aka taɓa aunawa shi ne 870, a tsakiyar wata mahaukaciyar guguwa a tekun Pasifik a 1979. Ƙaruwar 145 cikin rabin yini abu ne da ba a taɓa gani ba. A haƙiƙa kuwa, a waccan rana ta 1910 nauyin iskar yankin kusan bai motsa ba.

Duk da haka Richardson ya saka hasashen a littafinsa mai suna Weather Prediction by Numerical Process, wato hasashen yanayi ta hanyar lissafi, wanda ya fito a 1922. Ya jera kowane mataki da kowace lamba, yadda duk mai so zai iya bin sawunsa ya gano inda aka kauce. Shi kansa ya ɗora laifin a kan kurakuran da ke cikin awon iskar sama, ya kuma ba da shawarar a riƙa tace bayanai kafin a fara lissafi.

Masanan baya sun tabbatar da cewa ya kusanci gaskiya. A cikin iska akwai ƙananan igiyoyi masu hawa da sauka cikin hanzari, kuma rashin daidaito tsakanin awon iska da awon nauyinta ya kumbura su a lissafinsa. Misalinsa kamar mutumin da ya tsaya a bakin kogi ya ga igiyar ruwa ta ɗaga taƙi guda cikin daƙiƙa ɗaya, sai ya ninka wannan da sa'o'i shida ya yanke cewa ambaliya za ta cinye gari.

Masanin yanayi ɗan ƙasar Ireland, Peter Lynch, ya sake yin lissafin da kwamfuta, ya kuma bayyana sakamakon a littafinsa na 2006. Da ya bi hanyar Richardson da bayanansa, sai ya samu kusan wannan lamba ta 145, abin da ya nuna cewa mai motar asibitin bai yi tuntuɓe a lissafinsa na hannu ba. Da ya tace bayanan kuwa, sai sauyin ya sauko ƙasa da milibar ɗaya.

Zauren masu lissafi

Akwai wata matsala da Richardson ya san da ita sarai. Hasashen sa'o'i shida da zai ɗauki mako shida ba shi da amfani ga manomi ko matuƙin jirgin ruwa.

A ƙarshen littafin ya ƙiyasta cewa sai an samu mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a iya tafiya kafaɗa da kafaɗa da yanayin duniya. Ya kwatanta wani katafaren zaure mai zagaye wanda aka zana taswirar duniya a bangonsa, kowane rukunin ma'aikata na zaune a gaban yankinsa yana miƙa sakamako ga maƙwabta. A tsakiya akwai shugaba a kan dogon ginshiƙi, yana haska jar fitila ga waɗanda suka yi gaba, shuɗiya kuma ga waɗanda aka bari a baya.

Masana sun yaba wa littafin, amma ma'aikatan hasashe suka ajiye shi a gefe. Kusan shekara talatin babu wanda ya sake gwada hanyar.

Murabus

Bayan yaƙi ya koma Hukumar Hasashen Yanayi a 1919, a tashar Benson, inda ya duƙufa a kan nazarin hautsinewar iska. A nan ya fito da wani ma'auni da har yau ake kira lambar Richardson, wanda ke nuna ko iska mai sanyi da ke kwance a ƙasa za ta zauna lafiya, ko kuwa iskar da ke gudu a samanta za ta dama ta.

Sai dai a 1920 gwamnati ta mayar da hukumar ƙarƙashin ma'aikatar da ke kula da mayaƙan sama. Richardson ya ajiye aikin, yana da shekara 38, a daidai lokacin da bincikensa ya fara yin 'ya'ya.

Ya koma koyar da kimiyya a kwalejin horar da malamai ta Westminster a Landan, yana bincike a lokacin da ya rage masa. A 1926 aka zaɓe shi ɗan majalisar masana kimiyya ta Royal Society. Amma da ya fahimci cewa masu nazarin yaƙi da iskar guba na sha'awar aikinsa kan yadda hayaƙi ke bazuwa a iska, sai ya lalata sakamakon da bai riga ya buga ba, ya janye daga fagen.

Lissafin yaƙi

Tun yana Faransa ya fara tambayar ko za a iya nazarin yaƙi kamar yadda ake nazarin hadari. A 1919 ya fitar da ɗan littafi a kan haka. Ya koma ɗalibi ya yi digiri a ilimin halayyar ɗan Adam a 1929, shekarar da ya zama shugaban kwalejin fasaha ta Paisley a Skotland. A 1940 ya yi ritaya domin ya ba wannan bincike dukkan lokacinsa.

Ya tsara ƙa'idojin lissafi da ke nuna yadda tseren tara makamai ke haɓaka: kowace ƙasa na ƙara nata saboda tsoron na abokiyar gabarta, tsadar makaman na ja mata birki, tsohuwar gaba kuma na ingiza ta. Ya kuma tattara alƙaluman faɗace-faɗacen da aka yi tun daga 1820, ya jera su bisa yawan rayukan da suka salwanta. Manyan littattafansa biyu a kan haka sai a 1960 aka buga su, bayan mutuwarsa.

A yayin da yake binciken ko tsawon iyaka na da alaƙa da yawan yaƙi tsakanin maƙwabta, ya lura cewa Sifaniya ta ce iyakarta da Fotugal kilomita 987 ce, Fotugal kuwa ta ce 1,214. Ya gano cewa tsawon iyaka mai lanƙwashe-lanƙwashe na ƙaruwa gwargwadon gajartar abin da aka auna ta da shi. A kan wannan ne masanin lissafi Benoit Mandelbrot ya ɗora wata shahararriyar maƙalarsa a 1967.

Kwamfuta ta iso

A shekarar 1950 wani rukunin masana a Amurka, cikinsu har da Jule Charney da John von Neumann, suka yi amfani da kwamfutar ENIAC suka fitar da hasashen yanayi na sa'o'i 24. Sun sauƙaƙa ƙa'idojin yadda igiyoyin da suka ɓata lissafin Richardson ba za su shigo ba. Na'urar ta ɗauki kusan sa'o'i 24 a kan kowane hasashe, kuma asalinta an ƙera ta ne domin lissafa wa sojin Amurka tafiyar harsashin igwa.

Charney ya aika wa Richardson sakamakon, shi kuma ya mayar da amsa yana yabawa, tare da bayyana aikin a matsayin babban ci-gaba a kan nasa.

Richardson ya mutu a ranar 30 ga watan Satumba na 1953 a ƙauyen Kilmun na Skotland, yana gab da cika shekara 72. A 1954 aka fara hasashen yau da kullum da kwamfuta a Siwidin, Amurka ta bi baya a 1955, hukumar da ya bari a Birtaniya kuma a 1965.

Dusar farko a kan tsauni

Babu inda girman gidajen darar Richardson ke da muhimmanci kamar a yankin tsaunuka. A cikin gida mai faɗin kilomita 200, dole a ba ƙololuwar dutse da kwarin da ke gindinsa tsayi ɗaya na tsaka-tsaki, alhali kuwa tsaunin ne ke tilasta wa iska mai laima hawa sama, ta yi sanyi, ta zubar da abin da ta ɗauko a gefen da ta bugo, ta bar ɗaya gefen a bushe.

Shi ya sa aka yi ta rage gidajen. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai da aka kafa a 1975 ta sauko da nata zuwa kimanin kilomita 9 a 2016. A 2014 Amurka ta fara aiki da wani tsari mai gidaje na kilomita 3, Suwizalan kuwa ta kai kusan kilomita 1 a 2016, saboda ƙunƙuntattun kwaruruwan Alps.

Duk da haka dusar farkon hunturu ta fi kowace wuyar hasashe, domin a lokacin sanyin iska na kai-kawo ne a bakin matakin daskarewa. A matsakaici iska kan rage zafi da kimanin digiri 6.5 a kowace kilomita ta hawa, don haka kuskuren digiri ɗaya na iya matsar da iyakar ruwa da dusa da wajen mita 150. Ƙauyen da aka ce zai sha ruwan sama sai ya wayi gari a binne.

Ƙasa ma ba ta gama hucewa daga zafin watannin baya ba, tana narkar da dusar da ta fara zuba. A ɗaya ɓangaren, idan zubar ta yi ƙarfi, narkewar dusar a sama kan sanyaya iskar kwari har iyakar ta gangaro ƙasa. Ko sanyin da ya kwanta a kwarin zai zauna ko iska za ta share shi, lambar Richardson na cikin abubuwan da kwamfuta ke dubawa.

Matsalar da ta kayar da shi, wato rashin cikakken sanin halin da iska ke ciki a farkon lissafi, har yanzu tana nan. Tun 1992 manyan cibiyoyi ke maimaita lissafi sau da dama, kowanne da ɗan bambanci a bayanan farko. Idan sakamakon ya zo ɗaya, ma'aikaci ya yi magana da ƙarfin gwiwa. Idan ya rarrabu, sai ya faɗi yiwuwar da kaso cikin ɗari.

Abin da ke tattare da wannan ba ƙarami ba ne. A farkon Oktoban 2013, ruwan sama ya jiƙa shanu a yankin Black Hills na jihar Dakota ta Kudu a Amurka, sannan dusa da iska suka biyo baya tun dabbobin na makiyayar damina, gashin hunturu bai fito musu ba. Dubban shanu suka mutu.

A tsakiyar Oktoban 2014 kuma, ragowar guguwar Hudhud da ta afka wa gabashin Indiya ta isa tsaunukan Annapurna a Nepal, ta zubar da dusa mai yawa a watan da aka saba da sararin sama garau. Aƙalla mutum 43 suka mutu, cikinsu har da 'yan yawon buɗe ido da masu yi musu jagora da dako. Kwamfutoci sun nuna inda guguwar ta dosa, amma gargaɗin bai isa ga da yawa daga waɗanda ke kan hanya ba.

Ƙungiyar masana kimiyyar ƙasa ta Turai na ba da lambar yabo da sunan Richardson. Ita kuwa Hukumar Hasashen Yanayi ta Birtaniya, ta ci gaba da zama ƙarƙashin ma'aikatun soji har zuwa 2011, lokacin da aka mayar da ita ma'aikatar farar hula, shekara 91 bayan ya miƙa takardar murabus ɗinsa.